Ƙafata da ta Baba

Ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, kuma daga gwiwa zuwa idon sawu a lanƙwashe take, ta karkata waje. In ina tafiya kafaɗa ɗaya ce ke fara isa kafin sauran jikina. Masu kawo mini ɗinki a shagona na Jega sun ɗauka shan inna ne, ni kuma na gaji da gyara musu zance. Ba shan inna ba ne. Da ƙafafu biyu miƙaƙƙu aka haife ni, na yi gudu da su, na yi rawa da su har na fara zama budurwa. Karaya ce kawai, irin wadda ake ɗorawa kullum a Aliero yaro ya tashi ya koma ƙwallonsa. Tawa ce ba a ɗora ba, saboda wata aya.

Mu Kirista ne. Daga wajen Zuru iyayena suka zo Maiyama neman ƙasar noma, suka zauna a bakin gari. Baba yana noman gero da dawa da damina, rani kuma ya shiga fadama ya yi albasa kamar kowa. Cocinmu ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, mutanen cikinsa ba su fi a san kowa da tarinsa ba, Baba kuma dattijon ikilisiya ne. Ba mugun mutum ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu kafin raina ya ɓaci. Ubansa mai bautar gargajiya ne, shi kuwa da ya karɓi bishara da hannunsa ya tara layun gidansu da guraye ya cinna musu wuta, danginsa suka juya masa baya. Tun daga nan duk abin da aka yi wa tofi, ko aka yi wa raɗa a kai, Baba gudunsa yake yi. Yana ganin in ya kusance shi sau ɗaya, wutar da ya cinna ta tashi a banza.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani Bafulatani zaunanne wanda muke kira Kawu. Shi yana da sa ɗaya na huɗa, Baba yana da ɗaya, sai su haɗa su a garma, yau gonar wannan gobe ta wancan. Da salla nama ya ƙetaro mana, da Kirsimeti shinkafa ta ƙetara musu. Akwai wata damina da maraƙin Kawu ya zurma rami ya karye, na ga Baba da idona ya danne wuyan maraƙin, Kawu yana jan ƙafar yana jera mata kara yana ɗaurewa. Maraƙin ya warke, ya girma, ya zama sa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Jega ce, bayan an cire albasa. Baba da Kawu sun haɗa buhunansu a akori-kura ɗaya, ni kuma Mama ta ba ni daddawarta in kai kasuwa, aka ɗora ni can saman kaya. Muna gab da shiga gari taya ta faɗa rami, igiya ta tsinke, buhuna suka zame da ni. Na faɗo ƙasa, buhu guda ya biyo ni ya sauka a kan ƙwaurina. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Kawu ne ya fara isowa kaina. Ya shafa ƙafar a hankali, ya ɗago ya dubi Baba.

"Maƙwabci, ƙashi na yak karye, ba targaɗe na ba. Mu wuce Aliero da ita yanzu, tun ba ta kumbura ba."

Direban ma ya ce, "Ga hanya nan, Baba. Kahin a kira azahar mun isa."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san Aliero da abu biyu, albasa da ɗori. Daga garuruwa masu nisa ake ɗauko mutum a kwance a kawo shi, ya koma gida da ƙafarsa. Mu kuwa ga mu a bakin Jega, Aliero ta fi mana gida kusa. Amma kowa ya san mai ɗori in ya gama jan ƙashi yakan karanta addu'arsa ya tofa a kan ɗaurin. Baba ya tsaya yana kallona, gumi yana zubo masa. Sannan ya ce a sauke albasa a juya mota, gida za a kai ni. A shataletalen Jega muka juya. Ina kwance a bayan mota, kaina a cinyar Kawu, na ga hanyar Aliero ta miƙe mun ba ta baya.

A lokacin muna da sabon mai bishara, wato mai wa'azin cocinmu, saurayi mai murya, takalminsa kullum yana ƙyalli ko da tsakar damina. Zuwansa ya tayar da cocinmu daga barci, wannan gaskiya ne, har masu shan burkutu a ɓoye suka rage. Baba yana jin maganarsa kamar daga sama take saukowa. Shi aka kira, ya zo da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya tsaya a kaina ya buɗe ya karanta ayar nan ta wani annabin da can da ke cewa la'ananne ne mai dogara ga mutum. Ya rufe Littafin da ƙarfi. Ya ce wannan gwaji ne, dukan gari ya zuba ido ya ga ko dattijon ikilisiya zai ruga wurin masu tofi.

Mama, wadda ba ta saba magana a gaban maza ba, ta ce, "Malam, to asibiti fa?"

Ya ce, "Mama, likita ba mutum ba ne?"

Dama a lokacin mutanenmu tsoron asibiti suke yi da karaya, ana cewa yanke ƙafa ake yi, sai tsoro ya haɗu da aya suka zama abu ɗaya.

Da la'asar Kawu ya yi sallama a ƙofar gida. Ina jin su daga ɗaki.

"Maƙwabci, in tohin na ba ka so, ni ka zuwa in gaya ma mai ɗori shi bar shi. Shi ja ƙashi kawai shi ɗaure, kai ka yi taka addu'a bisa. Na san shi, ba shi ƙi."

Wallahi na ɗauka Baba ya yarda, har na fara neman ɗankwalina. Sai na ji muryar mai bishara daga bayansa yana cewa hannun da ke tofi shi ne dai hannun da zai ja ƙashin, ba a raba su. Baba ya ce, "Na gode, maƙwabci. Allahnmu zai yi."

Kawu ya ce, "Ɗiyarka ta, ba ni da iko. Amma ko maraƙina ban bari hakanga ba, kai ma shaida na."

Washegari da hantsi dattawa suka taru a tsakar gidanmu da kwalbar man zaitun. Aka fito da ni a tabarma, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi tana sheƙi. Aka shafa mai, aka yi waƙa, aka yi addu'a har muryoyi suka dushe. Zuwa nan ban ƙi ba, har yau ina son a yi mini addu'a. Sai mai bishara ya ce yanzu saura aikin bangaskiya, yadda aka ce wa gurgu tashi ka yi tafiya haka za a ce mini. Dattawa biyu suka kama ni ta hammata suka miƙar da ni, ɗayansu Baba ne. Mai bishara ya daka mini tsawa in taka. Ni kuwa yarinya ce mai jin magana, kuma na gaskata da dukan zuciyata, wannan nake so a sani. Na ɗora ƙafar a ƙasa na sake mata nauyina duka. Na ji ƙashin ya goce a cikin nama. Ihun da na yi, matar Kawu ta ce har tulun da ke kanta ta saki.

Da na farfaɗo, abin da na fara ji shi ne muryar mai bishara yana cewa, "Yarinyar ta yi shakka."

Wannan kalma ta fi karayar yi mini illa. Aka kawo labarin almajirin Almasihu da ya taka ruwa ya nutse don ya ji tsoro. Aka kawo maganar bangaskiya kamar ƙwayar mastad mai kawar da dutse. Ban san mastad ba, na tambaya, aka ce ƙwayarsa ba ta kai irin albasa girma ba. Na sha zuba irin albasa a tafin hannuna ina kallo, ina tambayar kaina wace irin lalatacciya ce ni da ban iya tara ko wannan ba. Ina kwance ina neman zunubin da na yi, na tuna goro da na taɓa sata, na tuna ƙaryar da na yi wa Mama, na tuba a kan kowanne, ƙafa dai tana nan yadda take.

Mama ta yi nata ƙoƙarin, Allah ya ba ta hutawa. In Baba ya tafi fadama sai ta fasa karan dawa ta jera a ƙafar ta ɗaure da tsumma, yadda ta ji ana faɗi. In ta ji motsin kekensa sai ta kwance da sauri ta cusa karan a murhu. Ɗaure da safe, kwance da yamma, ba wanda ya ja ƙashin ya mayar da shi mazauninsa. Ƙashi kuwa ba ya jiran a gama gardamar aya, ya kama inda ya samu kansa. Kafin ruwan farko na fara takawa da sanda, yadda nake takawa yau.

A da ni ce gaban layi in 'yan matan coci za su shiga da rawa. Aka ba ni kujera a gefe da caki a hannu. Duk ranar da wa'azi ya biyo ta kan bangaskiya, sai in ji idanu suna juyowa a hankali, har da na masu tausayi, waɗanda suka fi ciwo. Uwaye suna nuna ni ga 'ya'yansu. Na zama misali a cocin da aka yi mini baftisma. Daga baya aka kai ni Jega wurin wata 'yar cocinmu in koyi ɗinki, tunda aiki ne na zaune kuma ƙafa ɗaya ta isa taka keke. A can na taɓa zuwa asibiti da kaina, likita ya duba ya ce sai dai a sake karya ta, kuma ba zai yi mini alkawari ba. Na ce a'a, an karya ta sau biyu, ya isa.

Ban bar coci ba, ko da yake wasu sun so in bari don labarin ya yi musu daɗin faɗi. Na zauna na karanta Littafin da aka doke ni da shi. Ayar nan ba a nan ta tsaya ba, ta ci gaba ta bayyana wane mutum ake nufi, wato wanda zuciyarsa ta rabu da Ubangiji ya mai da ɗan adam madogararsa. Ba ɓoye wannan aka yi ba, mai bishara ya karanta har ƙarshe a kaina, kunnuwa ne suka tsaya a rabi. To uban da ya ɗauki 'yarsa ya kai a gyara mata ƙashi yana kiran sunan Allah a hanya, ta ina zuciyarsa ta rabu da Ubangiji? In kuwa amfani da hannun mutum ne la'ana, ai Baba ya daɗe a cikinta. Da san Kawu yake huɗa, a motar direba yake ɗora albasarsa, ungozoma ce ta karɓi haihuwata.

Kuma wa ya ɗaure raunin mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, a labarin da Almasihu ya bayar? Basamariye ne, mutumin wani addini, wanda masu ibada ba sa cin abinci da shi. Ya zuba magani ya ɗaure, ya ɗora shi a dabbarsa, Almasihu kuma ya ce a je a yi kamar yadda ya yi. Mun yi wannan labarin a wasan kwaikwayo na yara ba sau ɗaya ba, Baba yana tafi. Ranar da Basamariyen ya zo ƙofar gidanmu da kansa yana roƙo, godiya aka yi masa aka sallame shi. Manzon Almasihun nan ma da ya roƙa a cire masa ƙaya daga jiki ba a cire ba, ban ga inda aka ce ya yi shakka ba. Guragun da aka ce wa su tashi kuwa, warkewa suke fara yi sannan su miƙe, ba dattawa ne ke ɗaga su ta hammata ba.

Na taɓa faɗa wa Baba wannan duka, wata Kirsimeti da na je gida. Ya saurara har na gama, sannan ya ce mace ba ta koya wa dattijo Littafi. Wannan ma da ayarsa, ka ji. A gidanmu ba a rasa aya in ana so a rufe bakin mutum.

Shekaru suka tafi. Mama ta rasu. Mai bishara ya daɗe da komawa birni, na ji yana da babban coci, na kuma ga hotonsa sanye da tabarau, wanda na tabbata ba mala'ika ne ya auna masa ido ba. Aka kawo mana wani fasto dattijo mai sanyin hali. Ina shago wata rana ƙanena ya kira ni a waya, ya ce ɗan kabu-kabu ya kaɗe Baba a bakin titin Maiyama, ƙwaurinsa ya karye, ga su nan a mota, in fito shataletale su ɗauke ni.

Na ce, "Asibiti za ku?"

Ya ce, "Aliero, Yaya."

"Wa ya ce Aliero?"

"Shi Baba da bakinsa. Tun yana ƙasa yake cewa a kai shi Aliero."

Na rufe shago na fita. Motar ta tsaya, Fasto ne a gaba, Baba a kwance a baya yana nishi. Na shiga na ɗora kansa a cinyata, muka ɗauki hanyar nan da na gani sau ɗaya daga kwance. Ashe ma ba nisa, ban gama share masa gumi ba muka isa.

Gidan mai ɗorin rumfuna ne a jere, kowace da majinyaci da mai jinyarsa. Mutum ne mai furfura, ba ya da yawan magana. Ya shafa man shanu, ya sa aka riƙe Baba, ya ja ƙafar ya lalubi ƙashin da yatsu har ya zauna, ya naɗa mata kara da aka saƙa kamar asabari, ya ɗaure. Sannan ya sunkuya ya karanta addu'arsa ya tofa. Na zuba wa Baba ido. Ya runtse nasa, bai hana ba. Fasto ya ɗora hannu a kan Baba ya yi tamu addu'ar, ya gode wa Allah da ya ba mutane sanin ƙashi, muka ce amin. Sama ba ta faɗo ba.

Ni na zauna jinya, tunda ni ce mace babba. Ni ke dafa masa, ni ke kwashe bayan gidansa, ina jan ƙafata tsakanin rumfa da rijiya. Wata safiya mai ɗorin ya zo duba ɗauri, ya ga na taho da bokiti, ya bi tafiyata da kallo.

"Baiwar Allah, wa yaɗ ɗora miki ƙahwag ga?"

Na ce, "Ba a ɗora ba, Malam."

"Ina kike sa'ad da kik karye?"

"Jega."

"Jega wagga ta nan?"

Na ce ita. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya wuce rumfa ta gaba. Baba ya juya fuskarsa ga zana. Kawu ma ya zo dubiya, ya tsufa tukuf, da ƙwaryar fura da nono. Ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi, maƙwabci," ya zauna kaɗan, ya tashi. Ko kalma ɗaya ta tuni bai yi ba, na kuma ji haushin kirkinsa.

Duk zaman nan ina jiran magana ɗaya daga bakin Baba. Ƙafa ta riga ta tafi, ba ita nake nema ba. Sau ɗaya ya ce, "Ɗiyata," na kasa kunne, sai ya ce in miƙo masa ruwa. Da na ga ranar kwance ɗauri ta matso, na durƙusa a gabansa na roƙe shi da kaina.

"Baba, in ka tashi yin godiya a coci, abu ɗaya nake so. Ka gaya musu ban yi shakka ba. A gabansu aka faɗa, a gabansu nake so a janye."

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ya ce, "Za mu gani."

Ranar Lahadin godiya cocin Maiyama ya cika. Ni na ɗinka masa rigar da ya sa. Ya taso daga kujerar dattawa ba sanda, yana ɗan taka rawa, mata suna guɗa. Ya karɓi abin magana ya ce Allah mai iko ne, yana warkarwa ta hannun wanda ya ga dama, aka ce amin. Ya ce Allah ya dubi 'yar bangaskiyarsa bai bar shi ya kunyata ba, aka yi halleluya. Sannan ya juyo inda nake.

"Ga ɗiyata nan, ita ta yi jinyata, Allah ya sāka mata. Ku riƙa sa ta a addu'a, Ubangiji ya ƙara mata bangaskiya."

Aka ce amin da ƙarfi, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da na karye. Aka buga ganga, aka ce iyali su fito da rawa su kawo baiko, wato sadakar godiya. Na fito. Ban yi rawa ba, na bi tsakiyar cocin a hankali, kafaɗa a gaba, takalmina yana jan ƙasa, na sa baikona, na tsaya kusa da shi daidai yadda kowa zai ga ƙafafunmu a jere. Bai dubi ƙasa ba. Daga nan na fita na nufi tasha, ban tsaya cin shinkafar ba.

Baba yana nan da ransa, da ƙafa yake zuwa fadama. An ce in yafe, na kuma san wannan ayar ba rabinta na ji ba, ina ta fama da ita, wata rana in ga kamar na iya, wata rana in tashi da ɗacin a bakina. Duk Kirsimeti ƙanena yakan kawo mini yadin Baba. In shimfiɗa shi a tebur in yanka masa wando, ƙafa biyu tsawo ɗaya. In na zo kan nawa siket ɗin, sai in rage gefen hagu don kada ya ja ƙasa.